Shekarar da Tururuwa ta Zaɓa wa Abba Madara

Duk sallah in kun taru a gidan nan, sai an sami wanda ya tsokani yayanku Abba da cewa gajartarsa aikin Inna ce, wai ita ta shayar da shi madarar masu shayi har ya ƙi tsawo. Ku yi dariya, shi ma ya yi, ni kuwa in sunkuyar da kai ina jan carbi. Inna ta daɗe a ƙasa, mahaifiyarku Hansai ta bi ta, saura ni kaɗai cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Karatuna na boko bai wuce yaƙi da jahilci ba, amma ya isa in rubuta muku yadda aka yi, don kada ku gaji labarin a karkace, ku kuma miƙa wa 'ya'yanku shi a haka.

A lokacin ba mu daɗe da barin tsohon garinmu ba, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan Tiga. A tsakanin nan aka canja kuɗi, tsofaffi suna ta rigima da naira da kwabo suna cigiyar sulensu. An kawo mu wani fili a kan tudu, aka yanka wa kowa inda zai kafa ɗaki, babu kuka babu tsamiya, babu inuwar da mutum ya sani tun yana yaro. Maƙwabtanmu ma haɗe-haɗe ne, mutanen ƙauyuka daban-daban da ruwa ya kora, kowa yana gaida kowa da ladabin baƙunta. Mahaifina ya rasu kafin tashin, ruwa ya rufe kabarinsa. Inna, mahaifiyata, ba ta fito da wani abin kirki ba sai tukwanenta da wata jar akuya da ta rungume a bayan motar da ta kwaso mu, tana cewa in akuyar ba ta hau ba ita ma ba za ta hau ba. Ni kuwa na sami aikin lebura wurin haƙar babbar hanyar ruwan da muke kira kanal. A karon farko a rayuwata na zama mutumin da ake biya a ƙarshen wata, kuma wannan ya sa ina jin kaina fiye da yadda ya kamata.

Iyayen Hansai ba su zauna tare da mu ba. Da gari ya watse sai suka bi danginsu can wajen Doguwa, a gefen dajin Falgore. A al'ada haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa, yarinya ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can, duk abin da ya dame ta ta faɗa ba nauyi. Mun shirya kai ta, sai damina ta faɗi da ƙarfi, rafuka suka cika, mota ta daina shiga. Haka ta haihu a ɗakin Inna, a hannun wata tsohuwar unguwarzoma da ake kira Iya Dije, ba ta da kowa nata a kusa. Aka sami namiji, ranar suna na mayar masa da sunan mahaifina, shi ya sa muke ce masa Abba. Inna kuwa tun daga ranar ba ta kiransa sai angona.

Ku na yanzu kuna ɗaukar ɗan fari ku yi ta cilla shi sama a gaban surukai, har uwar ta riƙa kiran sunansa da baki cike. A zamaninmu ba haka ba ne. Ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ko kuka yake sai an miƙo mata shi ta karɓa tana kau da kai. Uba ma haka. In an tambaye ni lafiyar yaro sai in ce ban sani ba, a tambayi Inna, mutane su ce Ilu yana da kunya, an yi masa tarbiyya. Ku riƙe wannan, domin da shi za ku gane yadda mutum biyu masu hankali suka zura ido ɗansu yana ƙarewa ba su ce uffan ba.

Sannan ku san wace ce Inna. Ta haihu da yawa, ni kaɗai na tsaya. Duk sauran kafin yaye suke komawa, har aka riƙa ce mata mai wabi. Da aka haife ni, tsofaffi suka gwada nononta suka ce shi ne ba kyau, aka ɗauke ni aka ba wata ƙanwar mahaifina ta shayar, na rayu. Wa zai gaya wa wannan mata cewa gwajin nono ba gaskiya ba ne, alhali ga ni ina tafiya a gabanta da gemu? Gwajin kuwa shi ne a tatsi kaɗan a ƙoƙo, a kamo tururuwa a jefa. In ta yi iyo ta kama gefe ta fita, nono lafiyayye ne. In ta nutse ta mutu, to akwai dafi a ciki.

Kwanakin farko dama ba a ba jariri nono, ana zubar da dakashi, ana lasa masa ruwan dabino. Da farin nono ya sauko sai Iya Dije ta yi gwajin. Ina zaure ina gyaran ƙotar diga Inna ta fito da ƙoƙon a hannu. Ta miƙo min shi gab da fuska. Tururuwar tana kwance a ƙasan nonon, ta naɗe ƙafafunta.

"Ka gani da idonka," in ji ta. "Abin da ya ci 'yan'uwanka ya biyo mu har nan. Ruwa bai cinye shi da garin ba."

Aka dafa saiwoyi aka wanke wa Hansai ƙirji, aka ba ta na sha, aka sake gwadawa, tururuwa ta sake mutuwa. Daga nan Inna ta yanke cewa angonta ba zai kama wannan nono ba. A tsohon gari da abin bai yi wuya ba, akwai dangi masu goyo, akwai Fulani a fadama da madara sabuwar tatsa kullum safiya. A nan kuwa masu goyon duk baƙi ne, ba wadda za a tunkara da irin wannan roƙo, Fulanin kuma sun ja shanunsu sun yi kudu tun da ruwa ya ci makiyayarsu. Jar akuyar ma ciki gare ta, ba ta haihu ba tukuna. Sai Inna ta dube ni ta ce ta ji matan ma'aikata suna cewa Turawa sun sa nono a gwangwani, in kuwa haka ne, mene ne amfanin albashin da nake ɗauka?

Washegari na taka zuwa Tiga, wurin kantin wani mutum da ake kira Ɗan'azumi, kusa da gidajen ma'aikatan ruwa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni, don ko kalmar jariri nauyi take min a baki, sai na ce wani yaro ne a gidanmu. Ya gane, ya yi murmushi, ya sauko da gwangwani uku ya jera a kan teburinsa. Ɗaya na gari ne mai hoton wani jariri mai kumatu. Ɗaya ma gari ne, amma ba hoton kowa sai na saniya. Na ukun ƙarami ne, na ruwa, mai kauri da zaƙi, irin wanda masu shayi suke hudawa da ƙusa. Ya ɗora yatsansa a kan mai hoton jaririn ya ce min wannan ita ce ta jarirai, ita matan ma'aikata suke saya, sauran biyun na shayi ne da koko. Ya buɗe min baki ya yi bayani, ya ce akwai ɗan ludayi a ciki da ake awo da shi, kuma sai an tafasa ruwa ya huce. Ba a cikin duhu ya bar ni ba. Ni kaina na iya haɗa baƙin da ke jikin gwangwanin kaɗan-kaɗan, ko da yake Turanci ne.

Amma ina tsaye a wurin sai tsoro ya kama ni. Na ce a raina, in na ɗauki ɗaya na kai, yaron nan ya sha ya mutu, da wane ido zan dubi Inna? Za a ce Ilu ne ya zaɓa. In kuwa ita ta zaɓa, duk abin da ya faru ƙaddara ce. Ban tsara maganar haka a lokacin ba, sai na gaya wa kaina cewa ladabi ne, babba ke zaɓe. Na ce ya haɗa min duka ukun, da bulumboti guda, kwalbar shayar da jariri.

Ɗan'azumi ya ce, "Malam Ilu, jego kuke yi ko teburin shayi za ka kafa?"

Na yi dariya na biya na fito.

Da na kawo, Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika aka kira Iya Dije. Ban gaya musu abin da mai kanti ya ce ba, na dai ajiye na koma gefe na tsuguna. Inna ta dama ta jariran a ƙoƙo, ta ɗaga ta duba, ta taɓe baki ta ce wannan ai tsala ce, tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, har ta fi kama da nonon da muke gudu. Ta jefa tururuwa, ta yi ɗan motsi ta nutse. Ta dama mai hoton saniya, ita ma tururuwa ba ta fita ba. Sai aka huda ƙaramin, Inna ta ɗiga shi a ƙoƙo yadda yake da kaurinsa, ba ta sirka ba. Tururuwar da aka ɗora ta ja ƙafa ta kai gefe, ta tsaya, ta juyo ta kafa kai tana sha. Kafin a jima kiyashi ya yi layi daga gindin katanga har bakin ƙoƙon. Iya Dije ta yi hamdala. Inna ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, fuskarta ta saki a karon farko tun ranar haihuwa.

"Ga kindirmo nan," in ji ta. "Ƙwaro ba ya cin hanci, ba ya ƙarya. Wannan angona zai sha."

Hansai tana bakin ƙofar ɗaki a zaune, ta lulluɓe kanta. Na ga ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, na mayar da idona kan kiyashin.

Da farko kamar an dace. Yaro ya kama bulumboti da ƙarfi, yana zuƙa har da gumi, in ya ƙoshi ya yi barci. Inna ta riƙa nuna wa mata kumatunsa. Mai hoton saniyar na kai wa abokan aikina muka shanye a shayi, mai hoton jaririn kuwa aka rufe aka cusa a saman katanga ƙarƙashin jinka. Duk bayan 'yan kwanaki in biya kantin in sayo ƙaramin, Ɗan'azumi yana zaton na shayi ne, ni kuma ban gyara masa zato ba. Abin da yake ci min rai har yau shi ne maganar ruwa. Kullum safe da yamma ana hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, don wankan jegon Hansai. Itacen gidan duk can yake tafiya. Amma ruwan da ake sirka wa yaro madara daga randa ake ɗebowa, yadda aka jido shi daga bakin dam. Bulumbotin kuwa a ɗauraye shi a rataye, zaƙin ya kira ƙuda su yi ta biki a kan bakin robar.

Ita kuwa mahaifiyarku, ƙirjinta ya cika ya yi tauri, zaninta kullum a jiƙe. Iya Dije ta sa aka haƙa mata ɗan rami a bayan ɗaki, can take zuwa ta tatse ta rufe da toka, don kada kaza ta sha. Tana jin kukan ɗanta ta katanga tana zubar da abincinsa a ƙasa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da tafiya ta yi tafiya sai jiƙewar zanin ta ragu, zuwa bayan ɗakin ma ya ragu.

Sai zawo ya fara. Inna ta ce wankin ciki ne, datti yake fita. Ya tsaya ya dawo, ya tsaya ya dawo. Kumatun da ake nunawa suka zube, ciki ya yi gaba, ƙafafu suka koma kamar sillen kara. Na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Ina kanal ina sara diga amma kunnena yana gida, duk wanda na hango tafe a kan keke daga wajen unguwarmu sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan an aiko. In na dawo ba na iya tambaya, sai in tsaya a zaure in kasa kunne. In na ji kuka in yi ajiyar zuciya, don mai kuka yana da rai. Amma kukan ma kullum ƙara sirancewa yake, har ya koma kamar na ɗan kyanwa. Abinci ya daina shiga min. Sau da yawa nakan ɗaga kai in dubi gwangwanin nan da ke saman katanga, jaririn jikinsa yana min dariya, in ce gobe zan yi magana. Gobe ta yi in ce ai yanzu in na faɗa za a tambaye ni me ya hana ni faɗa tun farko.

Wata rana da safe Hansai ta kawo min koko, ta durƙusa ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa tana kallon tabarma, ta ce yaron Inna ya daina jiƙa tsumma kamar da, kuma tsakar kansa ta faɗa. Wannan ita ce iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa, kuma na san nawa ta biya kafin ta faɗe shi. Na ce mata Inna ta fi mu sani. Ta ɗauki faifanta ta tafi.

Ba a yi nisa ba, ranar wata kasuwar Bebeji, aka tashe mu daga aiki da hantsi saboda injin ya lalace. Na iso gida na tarar da Inna a tsakar gida da yaro a cinya, tana tura masa bulumboti yana kau da kai. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta lotsa har za ta riƙe ruwa. Na ga Inna da fuskar da ban taɓa gani ba, fuskar wadda ta san wannan hanyar, ta sha bin ta. Na ruga bakin titi na tare direban wata tifa ta wurin aikinmu, na roƙe shi, ya ɗauke mu ni da Inna da yaron zuwa ɗakin shan magani na Bebeji. Hansai aka bar ta a gida, wai mai jego ba ta fita.

Malamin asibitin wani dattijo ne mai furfura a gefen kai. Ya ja fatar cikin yaron ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya tambayi ina uwar, ko ta rasu ne. Muka ce tana nan lafiya. Ya tambayi me yake sha, Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan gwangwanin. Ya juya shi a hannu yana dubawa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce wannan rabinta sukari ne, babba ma in ita kaɗai zai rayu a kai ba zai kai labari ba. Sannan ya dube ni ya ce, wanda ya sayar min bai gaya min akwai ta jarirai ba? Kafin in haɗa kalma Inna ta riga ni.

"Ɗan nan, kada ka ga laifinsa. Shi kawowa ya yi. Ni na zaɓa."

Na bar ta ta ɗauka. Daga wannan magana labarin da kuke yi wa Abba dariya da shi ya samo asali.

Malamin ya haɗa wani ruwa a kwalba ya ce a riƙa ɗura masa da cokali kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Ya ce a jefar da bulumbotin, a mayar da yaro kan nonon uwarsa yau ɗin nan, in nonon ya ja baya a cika masa da ta jarirai, da tafasasshen ruwa, a kofi mai tsabta. Inna ta yi masa godiya da ladabi. Sai da muka hau mota ta ce min, ba ta ko dube ni ba, shi namiji ne, bai taɓa binne ɗan da nononsa ya kashe ba. Ruwan kwalba za ta ba shi, ta jariran ma ta yarda tunda likita ya ce, amma nonon da ya kashe tururuwa sau biyu, sai bayan ranta.

Mun iso bayan la'asar, gida cike da matan maƙwabta, har da Iya Dije. Inna ta zauna da yaro tana ɗiga masa ruwan kwalba, tana ba su labarin abin da malamin ya ce, suna jinjina kai suna cewa su dai 'yan boko komai sai sun musa. Hansai tana bakin ƙofarta ta ji duka. A lokacin jar akuyar ta riga ta haihu, tagwaye, tana ɗaure a turke kusa da rumbu. Sai muka ga Hansai ta miƙe, ta ɗauki ƙoƙon nan na gwaji daga kan randa, ta nufi akuyar. Ta tsuguna ta tatsa. Ta kamo tururuwa daga layin da ke bin gindin rumbu, ta zo har gaban Inna ta durƙusa, ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, ta jefa ta. Duk muka zuba ido. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta naɗe, ta nutse.

"Inna," in ji Hansai, "nonon akuyarki ma ya kashe ta. Ga 'ya'yanta can."

Kowa ya waiwaya. 'Yan akuyar suna kan turmin da aka kife, suna tunkuɗar juna, cikinsu ɓul-ɓul.

Iya Dije ta ce, "Ke yarinya, ɗan mutum za ki haɗa da ɗan akuya? Wa ya koya miki tsayawa gaban surukarki?"

Hansai ba ta kula ta ba. Ta miƙa hannu biyu, hawaye yana zuba, ta ce, "Ku ba ni ɗana."

Wata mata ta rufe baki da mayafi. A garinmu ba a taɓa jin uwa ta ce ɗana a kan ɗan fari a gaban uwar miji ba. Inna ta dubi ƙoƙon ta daɗe, ta dubi akuyarta, sannan ta juyo gare ni. Ban san inda na samo muryar ba, na ce a ba ta. Inna ta ce in ya mutu fa? Na ce a wuyana. Ita ce kalma ta farko ta namiji da na faɗa tun da aka haifi yaron, kuma ta zo a makare. Inna ta ɗora shi a hannun uwarsa, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Kada ku zaci daga nan hankali ya kwanta. Nonon ya kusa ƙafewa, yaron kuma ba shi da ƙarfin ja. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, ba abin da yake samu. Na sauko da gwangwanin saman katanga, na tarar damina ta shige shi, garin ya dunƙule kamar kanwa. Na ari keke na tafi Tiga. Ɗan'azumi ya ga fuskata, bai yi min wasa ba ranar, na nuna mai hoton jaririn da yatsana ya miƙo. Ni da kaina na riƙa tsugunawa a bakin murhu ina tafasa ruwa a ƙaramar tukunya, ina awo da ɗan ludayin, mazan unguwa suna cewa Ilu ya koma ɗan daudu. Hansai ta sa shi a ƙirji ya yi iya yinsa, sannan ta bi da cokali. Kwanaki muka yi a haka, zawon yana raguwa amma yaron bai ce ga ni nan ba. Duk lokacin da ya yi barci mai nauyi sai in ga ta kai yatsa bakin hancinsa. Inna kuwa ba ta yi mana magana, ko gaisuwata da kai take amsawa, kuma na san abin da take jira, tana kuma roƙon Allah kada ya zo.

Wata safiya na ji ƙarar taɓarya tun kafin in fita aiki. Na leƙa, Inna ce take surfen gero da kanta. Ta dama kunun kanwa mai kauri, ta kai wa Hansai a babbar ƙwarya, ta dangwarar a gabanta ta ce ta shanye, ba don ita ba, don angonta. Haka ta riƙa yi safe da yamma. Sannu a hankali zanin mahaifiyarku ya koma jiƙewa, awon ludayina yana raguwa. Ranar da na san mun tsira, Inna ta karɓe shi tana duba maɗigarsa, sai ya sakar mata fitsari mai yawa har ya jiƙa mata zani zuwa gwiwa. Ta ɗaga shi sama tana cewa ango marar mutunci, haka ake yi wa amarya, tana dariya hawaye yana bin kuncinta.

Abba ya rayu, amma ya daɗe bai zauna ba, ya daɗe bai yi tafiya ba, sa'o'insa suna gudu shi yana rarrafe. Ko gajartarsa daga nan take, ko gadon kakansa ne wanda shi ma ba dogo ba ne, Allah ne masani. Wadda ta biya a fili ita ce mahaifiyarku. Matan unguwa suka laƙaba mata Ba-ni-ɗana, in ta doso bakin ruwa da tulu sai a fara ƙyafta ido ana faɗa. Da hanya ta buɗe uwarta ta zo daga Doguwa, maimakon ta rungume ta sai ta yi mata faɗa, wai ta zubar musu da mutunci a gidan surukai. Kun taso kun ji tsofaffi suna kiranta da sunan nan kuna zaton wasa ne. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa cewa a daina ba.

Da aka haifi Rakiya, mai bin Abba, Iya Dije ta zo da ƙoƙonta kamar yadda ta saba. Inna ta tare ta a tsakar gida ta karɓi ƙoƙon, ta ɗebo tsabar dawa a ciki, ta watsa a gindin rumbu inda tururuwa suke layi, ta ce ga aikinsu nan, su yi ta ja. Ba a ƙara gwada nono a gidan nan ba.

Amma ni ban taɓa gaya mata abin da Ɗan'azumi ya faɗa min a kantin ba. Har ta koma ga Allah, in ta ga Abba a cikin sa'o'insa ya fi su ƙanƙanta, sai ta jawo shi ta ƙara masa nama daga kwanonta, ta ce angona ka yafe min. Ina zaune ina ji. Don haka in sallah ta zo kuna son ku tsokani yayanku, ku tsokane shi, amma ku cire sunan Inna a ciki. Ita da ƙoƙo da tururuwa ta yi zaɓinta, don su kaɗai ta sani. Ni aka nuna wa gwangwanin da yatsa.